Gyalen Alharinin Mahdiyya ko na Sabra?

A tsohon garin Mahdiyya, bakin tekun Tunisiya, har yau maza na zaune gaban masaƙar katako suna saƙa alharini da hannu. Sukan ratsa shi da zaren zinariya ko azurfa, musamman a kayan amare. Gyalensu ba nauyi, ga laushi, ga ƙarko, in an kula da shi uwa kan bar wa 'yarta. Tsada kam akwai ta, don aikin na cin lokaci, zaren ma daga waje ake shigo da shi.

Sabra kuwa, wani yadi mai kama da alharini, ta cika kasuwannin Fas da Marrakesh a Maroko. 'Yan kasuwa kan ce daga wani tsiron hamada ake samun zarenta, amma yawancinta zaren masana'anta ne da ake yi da ɓargon itace. Tana da sheƙi da araha, sai dai saurin yamutsewa, kuma ruwa na rage mata ƙarfi.

Ki ƙona ɗan zare ki gani: alharini warin ƙonannen gashi yake yi, sabra warin takarda. Don fita yau da gobe sabra ta wadatar. In kayan lefe ne, ni na Mahdiyya zan zaɓa.