Dan Allah a daina biyan kuɗin "tarihin sunan danginka" da tambarin gida, damfara ce

Jama'a assalamu alaikum. Akwai wata talla da take yawo a Facebook da Instagram, wai ka rubuta sunan danginka su kuma su fitar maka da tarihinsa tun shekarar 1100 da wani abu, da yadda rubutun sunan ya riƙa canzawa, da tambarin gidanku mai garkuwa da zaki da hular ƙarfe, a buga maka a takarda mai kalar tsufa a sa a gilashi a aiko maka har gida. Mu da muke zaune a nan Ingila mun saba ganinsu a zahiri ma, suna kafa ɗan tebur da kwamfuta da firinta a wuraren da 'yan yawon buɗe ido suke taruwa, a Landan da Yok da Edinbura, fam 30 ko 40 ko fiye idan kana son gilashin. Yanzu kuma sun shigo waya, mutanenmu na nan da na gida sun fara faɗawa. Dan Allah kar ku biya. Abin da za a ba ka ba tarihin gidanku ba ne, ko kusa.

Bari in yi bayanin inda dabarar take, don in ka gane ta sau ɗaya ba mai sake cin kuɗinka da ita.

Su Turawan Ingila da can ba su da sunan dangi da ake gada. Suna ɗaya mutum yake da shi, sai a ƙara masa laƙabi, ko sana'arsa ko garinsu ko sunan ubansa, in ya mutu laƙabin ya bi shi. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066 ne manyan masu filaye suka fara riƙe suna ɗaya uba ya bar wa ɗa, ana ganin wasu a babban littafin ƙidayar filaye na 1086, su kuwa talakawa abin bai game su ba sai wajen 1400, a yankin Wales ma ya fi haka daɗewa sosai. Kuma ko da sunan ya zauna, rubutunsa bai zauna ba, don mai sunan yawanci bai iya rubutu ba. Magatakardan coci ko na kotu ko mai karɓar haraji shi ne yake rubutawa yadda kunnensa ya ji, wani lokacin ma ya juya shi zuwa Latin tunda da Latin ake rubuta takardun hukuma. Mutumin da maƙwabta suke kira Smith sai ka same shi a takarda a matsayin Faber, gaba kaɗan wani magatakardan ya rubuta Smyth, wani ya ƙara harafi a ƙarshe ya zama Smythe, duk mutum ɗaya ko gida ɗaya.

Ɗauki gidan Beauchamp, waɗanda suka riƙe sarautar Warwick daga 1268. Sunan Faransanci ne na wani wuri, a takardun Latin ana rubuta shi de Bello Campo, bakin mutanen Ingila kuma ya tauna shi har ya koma Beecham, to yau akwai masu rubuta Beauchamp akwai masu rubuta Beecham kuma kiransa ɗaya ne. Haka de Sancto Claro ya zama Sinclair. Wanda gidansa yake gindin wata bishiya ana ce masa atten ash, sai harafin ƙarshen kalmar farko ya manne da ta biyu aka samu Nash. A Wales kuma ap yana nufin ɗan wane, ap Richard ya haɗe ya zama Pritchard, ap Hywel ya zama Powell, ab Owen ya zama Bowen. Wannan duk gaskiya ne, ilimi ne mai daɗi ma wallahi, akwai malamai da suka ƙarar da rayuwarsu suna bin takardun harajin kai na 1377 da 1379 da 1381 suna tsinto waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

To nan ne ɗan damfara ya samu ƙofa. Tunda kowa ya yarda rubutun suna ya yi ta yawo a wancan zamanin, sai ya ce ai duk sunan da ya yi kama da wani sunan to reshensa ne. Ka duba takardarsu da kyau, akwai wani layi da ba ya taɓa ɓacewa, inda za su ce "ana kuma rubuta wannan suna kamar haka" su jero maka guda goma ko ashirin. Wannan layin shi ne ragar. Komai ka rubuta a akwatin binciken sai ya faɗa cikin ɗaya daga ciki, in ma bai faɗa ba kwamfutar ta ɗauko mafi kusa da shi a haruffa ta liƙa maka. Babu wanda ya tambaye ka sunan kakanka, ko garin da aka haifi babanka, ko yaushe gidanku suka fara amfani da sunan, a cikin minti biyu an gama "bincike" firinta ta fara aiki. Wanda bai san kakanka ba ta yaya zai san kakan kakan kakanka na shekara 800 baya?

Sannan abin da suke ɓoyewa shi ne, yadda suna ɗaya yake rabuwa ya zama rubutu da yawa, haka sunaye daban-daban suke haɗuwa su zama rubutu ɗaya ba tare da jini ya haɗa su ba. A da kusan kowane ƙauye a Ingila yana da maƙerinsa, shi ya sa sunan Smith, wato maƙeri, ya cika ƙasar, kamar dai ka ce duk wanda ake kira Maƙeri daga Katsina har Gaya ɗan gida ɗaya ne. Lee na Ingila daga kalmar fili a cikin daji ya fito, Lee na Koriya da na Sin kuwa ba ruwansu da wannan kwata-kwata, haruffan boko ne kawai suka zo ɗaya.

Mu kuma namu ya fi muni. Wani ƙaninmu a nan, ɗalibi, sunan da yake fasfo ɗinsa a gurbin dangi Bello ne, sunan kakansa. Ya biya aka ba shi takarda wai gidansu daga Italiya suke, sunan yana nufin kyakkyawa, ga tambari har da taken gida da Latin. Eh gaskiya ne akwai Bello a Italiya da Sifaniya kuma ma'anarsa kenan a can. Amma Bellonmu na Fulatanci ne, mai taimako, sunan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya ɗauka wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, albarkacinsa ake ta sa wa yara har yau. Yaron nan har ya tura hoton takardar a gurup ɗin gidansu, kuma abin da ya fi min ciwo kenan, ba kuɗin ba, a ce ƙannensa su tashi da shakku a kan asalinsu saboda wata takarda da firinta ta tofo.

Ku tuna yadda muke samun abin da muke cikewa a gurbin sunan dangi na fom. Sunan uba ne ko na kaka, ko sunan gari da makarantar boko ta liƙa wa yaro don a bambanta shi da sauran masu sunansa a aji, haka aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A gidaje da yawa yana canzawa daga tsara zuwa tsara, ɗan Musa Garba sai ya zama Sani Musa. Kuma mu ma mai riƙe da alƙalami ne ya yanke mana rubutu, wanda ya yi makaranta a Nijar ya fito da Ousmane da Aboubacar, ɗan uwansa na Najeriya Usman da Abubakar, ciki ɗaya. Babu ta inda wannan zai haɗu da wani jarumin doki na Faransa a 1200.

Sai maganar tambarin, wadda ita ce ƙaryar da ta fi girma. Ko ga Baturen Ingila na asali babu wani abu wai shi tambarin suna. Hukumar da take kula da wannan a Landan, College of Arms, wadda Sarki Richard na Uku ya ba wa takardar kafuwa a 1484, ta faɗa ƙarara cewa tambari na mutum ɗaya ne da aka ba shi, sai zuri'arsa ta wajen maza da za su iya kawo hujjar nasaba. Masu suna ɗaya suna iya samun tambari daban-daban, mafi yawansu ma ba su da ko ɗaya. A Sikotlan abin har doka ne, akwai kotun Lord Lyon a Edinbura da rajista tun 1672, yin amfani da tambarin da ba naka ba laifi ne. Mutanen wancan zamanin ba wasa suke da shi ba. A 1385 wasu manyan Ingila biyu, Richard Scrope da Robert Grosvenor, suka tarar garkuwarsu iri ɗaya ce, shuɗiya da ratsin zinariya a karkace, aka shiga shari'a aka kira shaidu ɗaruruwa, ba a gama ba sai 1390 da sarki da kansa ya tabbatar wa Scrope, shi Grosvenor dole ya sake nasa ya koma damin alkama. Abin da manyan mutane suka yi shekara biyar suna shari'a a kai shi ne wani yake sayar wa duk wanda ya zo wucewa. Daga tsofaffin littattafan jerin tambura na ƙarni na 19 suke kwafowa, su ɗauki na farko da ya zo da sunan, shi ke nan.

Kuma sana'ar tsohuwa ce. A Amurka an yi wani kamfani Halbert's a garin Bath na jihar Ohio, ya yi shekaru yana tura wa mutane wasiƙa cewa an haɗa littafin danginsu na duniya, in littafin ya zo sai ka ga bayani ne na gama-gari da kowa ake ba shi iri ɗaya, sai jerin sunaye da adireshi da aka kwaso daga littattafan lambar waya da makamantansu. Hukumar gidan waya ta Amurka ta sa musu takunkumi kan yadda suke tallar a 1995, kamfanin ya rufe a 1999. Na yanzu ba su ma buƙatar aika wasiƙa, talla ɗaya a waya ta ishe su.

Wasu za su ce ai ado ne kawai, a rataye a falo. To in mai sayarwa ya ce ado ne ba komai, amma ba haka suke tallatawa ba, da sunan tarihi suke karɓar kuɗi, ɗan gargaɗin da yake kare su a kotu kuma suna maƙale shi can ƙasa da ƙananan haruffa. Sannan na intanet ɗin wasunsu ba a takardar suke tsayawa ba. Za su ce don bincike ya yi zurfi ka cike ranar haihuwa, garin haihuwa, sunan mahaifiya, lambar waya, to waɗannan su ne tambayoyin da banki yake yi maka don ya tabbatar kai ne. Wasu kuma kuɗin farko kaɗan ne amma ka sa katinka kenan ka shiga biyan wata-wata ba ka sani ba. Akwai kuma tsohuwar wasiƙar nan da duk mun sani, wai lauya ne, wani mai irin sunan danginka ya mutu a Turai ba magaji, ka turo kuɗin takardu a fitar maka da gado. Wanda an riga an sa masa a rai cewa yana da dangi a Italiya ya fi saurin yarda da ita. Ko a gaskiya ma suna ɗaya ba ya ba da gado a kowace ƙasa, nasaba ake nema da takardu.

Mai son sanin asalin wani sunan Ingila don ilimi, Jami'ar Oxford ta buga ƙamus na sunayen dangi na Birtaniya da Ailan a 2016, sunaye sama da 45,000, da yawansu da shekara da takardar da aka gan su a da can, ana samunsa a manyan laburare. Shi ma tarihin suna yake ba ka, bai ce kakanka ba ne. Masu bin nasaba na gaskiya daga kanka suke farawa su yi baya, takardar haihuwa, ta aure, ta mutuwa, a Ingila rajistar gwamnati ta fara a 1837, ta coci kuma a 1538, kafin nan sai mai sa'a ko ɗan gidan sarauta. Duk wanda ya fara daga 1100 ya gangaro ya same ka, ka riƙe kuɗinka.

Namu tarihin kuma yana bakin tsofaffinmu. Ka kira kaka ko goggo ko baffa tun suna da rai, ka kunna rikoda a wayarka, ka tambayi sunan uban kakanka da garin da suka taso da dalilin tasowar da tsagar gidanku da kirarin da ake muku. In gidan malamai ne a duba bayan tsofaffin littattafai, sau da yawa akwai sunan mai kwafi da na mahaifinsa. Mai son ya zurfafa akwai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna da Arewa House, a Sakkwato kuma akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu.

Wanda ya riga ya biya ta kati, ya duba bayanan asusunsa na watannin baya ya ga ko ana ci gaba da cira, in ana yi ya kira bankinsa a tsayar a canza katin, kuma ya nemi a dawo masa da kuɗin tunda abin da aka kawo ba shi aka tallata ba, ya ajiye hoton tallar don shi za su tambaya. In ka ba su sunan mahaifiya da ranar haihuwa, ka canza tambayoyin sirrin bankinka da na imel yau ɗin nan. Tallar kuma in ta sake fito maka ka danna rahoto, ka tura wannan ga 'yan uwa musamman ɗalibai sababbin zuwa, su aka fi tarewa a teburan nan.