Gargaɗi ga masu sayen jitar lantarki a Zariya: ba duk mai tambarin Gibson ko Fender ce ta gaske ba

Wannan saƙo na masu kiɗa a majami'un Sabon Gari da Wusasa da Samaru ne, da masu situdiyo, da ɗaliban da kiɗan jitar Abzinawan Agadez ya ja hankalinsu har suke tara kuɗi don su mallaki tasu. Akwai masu tallata jita a Facebook da WhatsApp, wasu kuma hannu da hannu, da sunan Gibson ko Fender ce 'yar Beljiyam, alhali jabu ce da aka manna wa sunan da ba nata ba. Abin da ya sa damfarar take ci shi ne suna cakuɗa ta da labarin shari'o'in da aka yi da gaske a ƙasashen waje, sai mai saye ya ji kamar yana gaban masani.

Yawanci mai sayarwa zai sa hoto mai kyau da farashin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ta gaske ba. In ka nuna shakka, yana da amsa a shirye. Ko ya ce reshen kamfanin na ƙasar Sin ne ya ƙera ta, ko ya ce gwanjon kwastam ce, ko kuma ya ce ai kotu a Amurka ta riga ta halatta wa kowa yin irinta. Wanda ya fi gogewa zai ce maka tsohuwar Japan ce ta zamanin shari'a, wadda masu tara kayan tarihi ke nema ruwa a jallo. Daga nan sai maganar kuɗin kafin alƙalami, wai wani daga Kaduna ya riga ya taya, in ba ka tura yau ba gobe ta tafi, kuma za a sa maka ita a mota daga Legas ka karɓa a tasha.

Ga asalin labarin shari'o'in, don a san inda gaskiya ta tsaya. Kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da samfurin jitarsa mai suna Les Paul a 1952, takwaransa Fender ya fitar da tasa mai suna Stratocaster a 1954. A shekarun 1970 masana'antun Japan suka riƙa kwaikwayonsu, har a 1977 kamfanin da ya mallaki Gibson a lokacin ya kai mai rarraba jitocin Ibanez na Japan a Amurka ƙara. Ƙarar a kan siffar kan jitar ce, wato allon da kunnuwan ɗaure tsirkiya suke, kuma a wajen kotu aka sasanta. Abin lura a nan: waɗancan jitocin na Japan sunan masu su ne a goshinsu, Ibanez ko Greco ko Tokai. Duk wanda ya nuna maka jita mai tambarin Gibson ya ce ta zamanin shari'a ce, ya tona kansa da bakinsa.

A 2009 hukumar sauraron ƙorafin alamun kasuwanci ta Amurka ta ƙi yi wa Fender rajistar siffar jikin Stratocaster da Telecaster da Precision Bass, bisa hujjar cewa an daɗe ana kwaikwayonsu har sun zama na kowa. Kafin nan, a 2005, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da ya hana kamfanin PRS sayar da jitarsa mai kama da Les Paul. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta ƙi amince wa Gibson da mallakar siffar jitarsa Flying V. A ɗaya ɓangaren kuma, masu taimaka wa alƙali a Texas sun ba Gibson gaskiya a kan masu jitar Dean a 2022, duk da diyyar dala 4,000 kacal aka yanke, kuma a 2024 aka ba da umarnin sake shari'ar. Wato dai maganar siffar jiki ana ta jan ta, yau wannan ya ci gobe wancan. Amma babu kotun da ta taɓa cewa wani ya rubuta Gibson ko Fender a kan abin da ba su suka ƙera ba. Wannan shi ne bambancin da ɗan damfara yake so ya ɓace maka. A Nuwamba 2024 kwastam ɗin Amurka sun sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Masana'antun da suke yin irin waɗannan ba Amurka kaɗai suke aika wa ba.

Maganar reshen ƙasar Sin kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Jitar lantarki mai sunan Gibson a birnin Nashville na Amurka ake yin ta. Masu rahusa da kamfanin yake ƙerawa a Sin sunansu Epiphone, kuma haka aka rubuta a kansu. Shi ma Fender yana da Squier, wanda akasari a Sin da Indunusiya ake yi. Waɗannan halastattu ne, kuma suna aiki sosai. Sabuwar Les Paul Standard ta haura dala 2,000 a can inda ake yin ta, kafin kuɗin jirgi da na kwastam. Ka lissafa da canjin yau, ka kwatanta da abin da aka ce ka biya.

In za ka je dubawa, ka tafi da tef ɗin awo, da ƙaramin sukundireba, da mitar masu gyaran rediyo, da wayarka mai fitila. In mai kaya ya hana a kwance ko da sukuru ɗaya, ka yi masa sallama.

A kan mai siffar Les Paul, fara da ƙaramin murfin nan mai kamar ƙararrawa da ke kan jitar, daidai inda wuya ya ƙare. Na Gibson sukuru 2 ne ke riƙe da shi, sama da ƙasa. Jabu da yawa 3 ne, irin na Epiphone. Masu jabun sun fara gyara wannan, saboda haka ka kwance murfin ka haska ciki. A nan sandar ƙarfen da ke daidaita wuya take. Ta Gibson noti ne na tagulla a waje, wanda ake kamawa da sifana mai inci 5/16. In rami ka gani na saka makulli mai kusurwa shida, ba Gibson ba ce. Wannan gwajin ya fi sauran wuyar kaucewa, domin gyara shi sai an sake ƙera wuyan gaba ɗaya.

Juya ta baya ka haska wuyan, tsakanin kai da ƙarfe na uku cikin ƙananan ƙarafan da aka jera a gaban wuyan. Idan ka hangi layin haɗin gam a karkace, alamar an yanka katako biyu an manna, wannan hanyar masu rahusa ce. Wuyan Gibson da kan jitar akasari daga katako ɗaya ake fafe su, sai 'yan siraran fukafukai biyu da ake mannawa a gefen kan. Shi ya sa masu jabu suke son baƙin fenti mai kauri a bayan wuya, ya rufe musu asiri. Shi kansa fentin yana magana: na Gibson siriri ne, yana tsufa yana 'yan tsage-tsage, na jabu kuwa kauri gare shi kamar an zuba roba. Sai jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a kan jiki. A Gibson da ɗan faifan da ake murzawa da yatsa ake ɗaga shi, sandunansa sirara ne. In ka ga manyan kawuna masu tsaga irin na sukundireba, kayan Asiya ne. A waɗanda aka yi wa farin baki a gefen wuya, na Gibson bakin yana ɗan tasowa ya rufe ƙarshen kowane ƙarfe, sai dai in an taɓa canza ƙarafan, saboda haka kar a yanke hukunci da wannan shi kaɗai.

Lambar da ke bayan kai tana da ma'ana. Daga 1977 Gibson ya yi amfani da lambobi 8: ta farko da ta biyar su ne shekara, ta biyu zuwa ta huɗu kuma rana ce cikin shekarar. Misali 90237412 tana nufin rana ta 23 a 1997. In lambobin tsakiyar nan uku suka ba ka 480 ko 700, shekara ba ta da kwanaki haka. A 2005 an ƙara lamba ɗaya suka zama 9, kuma tsakanin 2014 da 2019 an bi wani tsarin daban, don haka ka san shekarar da ake da'awa kafin ka lissafa. Kar kuma lamba mai kyau ta ruɗe ka, domin suna kwafo ta gaske daga intanet su buga a kan jita ɗari. Ka rubuta lambar a Google. In ta fito a kan wata jitar mai wani launi a wata ƙasa, magana ta ƙare.

Ta ɓangaren Fender damfarar ta fi sauƙi, shi ya sa ta fi yawa. Ana ɗaukar Squier, ko wata marar suna, a goge kan da sanfefa a manna tambarin Fender, a fesa fenti a kai. Karkata kan a hasken rana, sau da yawa za ka ga gefen tambarin ya taso, ko inuwar tsohon rubutu a ƙarƙashi. Daga 2010 lambar Fender ƙirar Amurka da US take farawa, ta ƙirar Meziko da MX, sai lambobi biyu na shekara. Jitar da aka rubuta mata Amurka a gaba amma lambarta ta Meziko ce, haɗe-haɗe ce. Ramin sandar wuya a ta Amurka ta zamani da baƙin katako aka zagaye shi, a ta Meziko baƙar roba ce. Wuyan Fender sukuru 4 ne suke riƙe da shi a yawancin samfura. In an sassauta tsirkiya aka kwance shi, ana samun hatimi ko kwanan wata na masana'anta a gindin wuyan da cikin ramin da yake zama. Katako fari fat babu ko ɗigon tawada abin tambaya ne.

Tef ɗin awo zai raba gardama cikin minti ɗaya. Auna daga inda tsirkiya ta bar kai zuwa ƙarfe na 12. A Stratocaster kusan milimita 324 ne, a Les Paul kusan 314, domin tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa inci 25.5 ne a ta farko, 24.75 a ta biyu. Les Paul mai awon Fender da wuya a ce daga Nashville ta fito.

Ciki kuma, buɗe murfin baya ko allon gaba. Maɓallan ƙara sauti na asali manya ne, jikinsu ya kusa faɗin milimita 24, na jabu ƙanana ne da wayoyi sirara kamar gashi da dalma a dunƙule. Maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, in aka sa wa jitar waya aka auna a bakin wayar da mita, sauti a buɗe gaba ɗaya, siririn irin na Stratocaster yana ba da wajen om 6,000, mai faɗin irin na Les Paul kuma yawanci 7,000 zuwa 9,000, wasu sun fi haka. Wannan awon ba ya tabbatar da asali, yana dai nuna maka ko wani maganaɗisun ya mutu.

Wani zai ce, to in tana kiɗa mene ne matsalar? Matsalar tana bayyana ne da hunturu. Katakon da ba a busar da shi yadda ya kamata ba, da iskar Disamba ta Zariya ta buge shi sai ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar yatsa, wuyan ya lanƙwashe. A jita mai kyau ana murza sandar ciki kwatan zagaye ɗaya a gyara. A jabu da yawa sandar ko ta cije ko tana juyawa a banza, kuma a Les Paul wuyan manne yake da gam, ba a cire shi a sa wani cikin sauƙi. Don ka gane tun a wurin, danna tsirkiya mafi kauri a ƙarfe na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka duba ratar da ke ƙarƙashinta a ƙarfe na 8. Kaurin katin kasuwanci ya kamata ta kai, ba fiye ba. Sannan ka saita tsirkiya da manhajar saiti ta waya, ka danna a ƙarfe na 12. Sauti ɗaya ya kamata ta nuna. In ya kauce sosai kuma matsar da jakin bai gyara ba, an dasa jakin ko ƙarafan a inda bai dace ba, kuma wannan jitar ba za ta taɓa jituwa da fiyano ba. Ko ta gaske ce ma, da hunturu a ajiye ta cikin akwatinta tare da soso mai ɗan danshi a cikin kwanon sabulu mai huji.

Game da biya, kar kuɗi su fita kafin jita ta zo hannunka. In daga nesa take, ka nemi bidiyon da aka ɗauka da takarda mai sunanka da kwanan watan ranar a gefenta, a nuna bayan kai da cikin murfin nan. In sunan asusun banki ya bambanta da na wanda kake magana da shi, dakata. Ranar ciniki ka tafi da wanda ya san jita, a haɗa ta da amfilifaya a gwada kowane maɓalli, kuma a rubuta a rasit sunan kamfani da lambar jitar da ƙasar da aka ce an yi ta. Rasit ɗin da aka rubuta wa "jita ɗaya" kawai ba zai taimake ka a gaban kowa ba.

Wanda kuɗinsa suka riga suka tafi, ya sanar da bankinsa nan take, ya adana hirarrakin da hotunan tallar kafin a goge, ya kai rahoto ga 'yan sanda, yana kuma iya shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Sayar da kaya da tambarin bogi laifi ne a dokar Najeriya, kuma ya shafi wanda ya gane tasa jabu ce ya tura wa wani da sunan ta gaske don ya mayar da kuɗinsa. In ta zama taka kuma babu yadda za a yi, mai gyara zai iya goge ƙarafan wuyan, ya canza maɓallai da wayoyi, ya goge tambarin ƙaryar daga kanta, a ci gaba da amfani da ita a matsayin abin da take.