Bitar saitin gwajin gasket da yoyon ruwan lagireto, bayan shekara guda a hannuna

Shekara guda ke nan da na sayi wani saitin kayan gwaji mai na'urori biyu a akwati ɗaya, kuma na yi aiki da shi a motata ta shiga daji da motocin abokan tafiyata har na kai inda zan iya faɗin abin da idona ya gani. Na'ura ta farko bututun roba ne wanda ake hangen cikinsa, mai ɗaki biyu, da ƙwallon roba a kansa wanda ake matsawa, tare da kwalbar wani ruwa shuɗi. Ta biyu famfon hannu ne mai agogon auna matsi, da murafu iri-iri da ake ɗaurawa a bakin lagireto. Kamfanoni da dama suna ƙera irinsu, kuma tsarin aikinsu ɗaya ne.

Abin da ya kai ni ga sayensa shi ne motar ta fara shan ruwa. Duk lokacin da na dawo daga daji sai na ƙara kusan rabin lita, alhali ko ɗigo ɗaya ba na gani a inda take kwana. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce gasket ya ƙone, kamar dai babu wata hanyar da ruwa zai bi ya ɓace sai wannan. Ban ga laifinsu ba, domin gasket ɗin da ke tsakanin kan silinda da gangar inji shi ne ke raba wutar ƙonewa da ruwan sanyaya inji da baƙin mai, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Motar daji kuwa a cikin zafi take rayuwa: tana jan nauyi a ƙaramar giya ba tare da iska tana dukan lagireto ba, laka da tsabar ciyawa suna toshe ƙofofinsa, gargada kuma tana jijjiga kowane tiyo da kowane kilif. Sai dai ɗaga kan inji aiki ne babba, kuma ban yarda a kwance shi bisa zato ba.

Ruwan shuɗin nan sinadari ne mai sauya launi idan ya haɗu da iskar kabon dayoksaid, wadda take fitowa daga ƙonewar mai. Idan gasket ya fashe ta gefen silinda, ko kan injin ya tsage, hayaƙi yana kutsawa cikin ruwan sanyaya inji ya taru a saman lagireto. Ana buɗe murfin lagireton tun inji yana da sanyi, a rage ruwan ya sauka kamar santimita 5 zuwa 7 daga baki, a tada inji ya ɗauki zafi har tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya buɗe, sannan a ɗora bututun a riƙa matsa ƙwallon na kimanin minti biyu domin iskar da ke ciki ta ratsa ta sinadarin. A injin fetur yakan koma rawaya, a injin dizal kuma galibi kore yake komawa. Rage ruwan nan wajibi ne, domin idan bututun ya zuƙi ruwan lagireto ya gauraya da sinadarin, gwajin ya lalace. A nan ne na ga amfanin mai ɗaki biyu, tun da ɗakin ƙasa yana tare feshin ruwa, na sama kuma ya ba da sakamako mai tsafta. Kafin kowane gwaji nakan sa bututun ya zuƙi numfashina, idan launin ya juya na san sinadarin yana da rai, sannan in zuƙo masa iskar waje har ya koma shuɗi.

A motata launin bai motsa ba, sau uku ina maimaitawa. Washegari da safe na ɗaura famfon a kan inji mai sanyi, na hura har allurar ta kai 0.9 a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), wato adadin da aka buga a kan murfin lagireton, domin wuce wannan adadi yana iya fasa abin da a da lafiyarsa ƙalau. Cikin minti goma allurar ta fara sauka a hankali, amma na duba sama da ƙasa da tocila ban ga komai ba. Sai da na wanke busasshiyar lakar da ta manne a jikin lagireton, na bar shi ya bushe, na sake hurawa, sannan na ga wani siririn layin ruwa yana fitowa daga inda tankin roba na sama ya haɗu da aluminiyam, a bayan marfin fanka. Lakar ce take shanye ruwan, zafin inji ya busar da shi, ya bar wani farin ɓawo wanda na daɗe ina ɗauka ƙura ce. Da a ce na bi maganar mutane, da an kwance kan inji mai lafiya, an mayar, kuma ruwan ya ci gaba da ɓacewa.

Tun daga ranar na fi ganin girman famfon a kan ruwan shuɗin, ko da yake shuɗin ne yake jan ido. Famfon ya nuna mana yoyo a ƙaramin ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa na inji, ya nuna tiyon hita da ya ruɓe a bayan inji, ya kuma tona murfin lagireto wanda ya daina riƙe matsi. Mutane suna raina murfi, alhali shi ne yake ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120 idan yana riƙe matsin da ya kai ba 1, don haka idan ya saki, mota za ta tafasa a kan hawa ta zubar da ruwa ba tare da gasket ya yi komai ba.

Inda nake so mai saye ya yi hattara shi ne wajen fassara sakamakon ruwan shuɗin. Idan ya sauya launi, shaida ce mai ƙarfi cewa hayaƙi yana shiga ruwa. Idan bai sauya ba, wannan bai wanke gasket ba. Na ga haka a motar dizal ta wani abokin tafiyata, wadda tiyonta na sama yake kwana da tauri kamar taya, ga kumfa tana tasowa a tankin ajiyar ruwa duk lokacin da aka hau tudu. Mun gwada ta a tsaye, inji yana aiki ba a taka totur ba, launin ya tsaya a shuɗi. Injin dizal a wannan yanayi yana zuƙar iska mai yawa da mai kaɗan, saboda haka kabon dayoksaid ɗin da ke hayaƙinsa ba shi da yawa, kuma ƙaramar fashewa ba ta buɗewa sai inji ya ɗauki nauyi. Sai da muka maimaita gwajin bayan inji ya yi zafi sosai, ɗayanmu yana taka totur yana saki, sannan sinadarin ya rine zuwa kore. Da aka ɗaga kan injin an sami hanyar da wuta ta ci a gasket tsakanin silinda da ramin ruwa. Takardar bayanin da ke cikin akwatin ba ta ambaci wannan ba ko da layi ɗaya, kuma a ganina wannan ne babban aibin saitin.

Akwai kuma abin da sinadarin ba zai taɓa gani ba. Idan gasket ya fashe tsakanin hanyar mai da hanyar ruwa, baƙin mai zai koma kamar madara amma launin gwajin ba zai motsa ba, kuma na'urar sanyaya mai idan ta huje tana kawo wannan alama ɗin dai. A injinan dizal na zamani, na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji tana iya tsagewa ta sa mota fitar da farin hayaƙi ta salansa tana shan ruwa, alhali gasket yana nan lafiya. Ko da launin ya juya ma, ba ya bambanta fashewar gasket da tsagewar kan inji. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga masu wasu motoci: an san injin Jeep mai lita 4.0 na shekarun 2000 da 2001 da tsagewar kai tsakanin silinda ta 3 da ta 4, haka ma injin dizal na Toyota mai lamba 1KZ-TE idan ya sha zafi, yayin da injin V8 na Land Rover Discovery yake da matsalar zamewar hannun rigar silinda, wato bututun ƙarfen da ke cikin ramin silinda. A irin waɗannan, sauya gasket kaɗai asarar wahala ce. Dole a bi bayan gwajin da auna matsin kowace silinda, a duba fulogi ko akwai wanda tururi ya wanke fes ya bambanta da 'yan'uwansa, idan an ɗaga kan inji kuma a auna miƙewarsa a gwada shi ko ya tsage.

Ta fannin ƙira, agogon famfon ya riƙe daidaitonsa, rubutunsa kuma yana karantuwa a ma'aunan matsi biyu, wato ba da psi. Murafun sun shiga yawancin motocin da na gwada, amma zobban roba na murafu biyu daga cikinsu sun fara yoyo bayan 'yan watanni, har na kusa ɗora wa wata mota laifin da na murfin gwajin ne, shi ya sa yanzu nake shafa ruwan sabulu a kansu kafin in gaskata allura. Bakin bututun shuɗin kuma bai zauna daidai a kan tankunan roba masu faɗin baki ba, sai an danne shi da hannu. Kwalbar sinadarin ƙarama ce, ya kamata mutum ya sayi ta biyu tun farko ya riƙa rufe ta da kyau.

Ina ba da shawarar sayensa ga duk wanda yake shiga inda gareji ya yi nisa, musamman idan motarsa ta taɓa tafasa ko da sau ɗaya. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, kuma a tare ruwan da aka rage a cikin mazubi mai murfi, domin yana da zaƙi-zaƙi mai jawo dabbobi alhali guba ne. Nawa saitin yanzu yana bayan mota kusa da igiyar ja, kuma kafin kowace doguwar fita nakan wanke lagireton, in ɗaura famfon, in ba allurar minti 15 in ga ko za ta sauka.