MATE ko GNOME, wanda na bar ma kwamfutocin shagona

Tun da Microsoft suka daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025 na shiga tunanin tsofaffin kwamfutocin shagona a Mabera, don ba wadda ke da TPM 2.0, ɗan guntun tsaron nan na cikin inji da Windows 11 ke nema, kuɗin sababbi kuwa sai dai mu ji labari. Sai na juya su Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta madadin Windows, to nan fa aka zo wajen zaɓen fuska, wato tsarin menu da tagogi da kake gani a allo, MATE mai tsohon salo ko GNOME na zamani.

Asali dai tushensu guda. GNOME 2 ya fito a 2002, mutane suka saba da shi, sai a 2011 aka fiddo GNOME 3 aka sake komi, jama'a suka fusata har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi kansa ya koma wata fuskar mai suna Xfce a lokacin, shi ne wani ɗan Ajantina ya ɗauki tsohon GNOME 2 ɗin ya ci gaba da raya shi da sunan MATE.

GNOME na fara sawa, na Fedora, wani nau'in Linux, kuma gaskiya yana da kyau, tsaf-tsaf ba tarkace. Ka danna maɓallin nan mai tambarin Windows ka rubuta haruffa biyu uku abin da kake nema ya fito, ko ka ja yatsu uku kan tacfad ka koma wani filin aiki na daban a allon, wannan jan yatsun tun GNOME 40 na 2021 suka kawo shi kuma ni ya yi min sosai. Amma shago ba ni kaɗai ke taɓa kwamfuta ba. Ɗaliban Danfodiyo masu zuwa buga furojet, da dattawa masu cike fom, duk hannunsu da Windows 7 ya saba. Wata ɗaliba ta buɗe aikinta tana son ta ɗan sauke shi ƙasa ta duba wani abu, ta nemi ɗan layin nan na kusurwa babu, alamar rufewa ce kaɗai, ta danna ta, sai ji na yi "Malam, ina aikin nawa ya shiga?" Ba maɓallin saukewa, ba jerin tagogi a ƙasa, ka ajiye fayil bisa fuskar kwamfuta ma ba ka ganin shi. Wai sai ka sauko da manhajar saiti mai suna Tweaks da wasu ƙare-ƙare, wato ƙananan manhajoji da ake ɗora ma GNOME, ka gyara, su kuma ƙare-ƙaren in sabon GNOME ya fito sai wasu su mutu, GNOME 45 da ya fito a 2023 ma kusan duka sai da masu su suka sake gyara su. Ni da ke sayen data da kuɗina ina zan iya wanga wahala?

Ga kuma nauyin GNOME ɗin. Injin mai RAM 4GB, cikin zafin Sakkwato, ka buɗe Firefox da LibreOffice tare sai fankar ciki ta kama kuka kamar injin markaɗe.

MATE kuwa, na Linux Mint na sa, wani nau'in Linux ɗin na daban, menu na nan ƙasa gefen hagu inda kowa ya san shi, agogo a dama, duk tagar da ka buɗe ga sunanta jere. Ba wanda na koya ma komi. Abin da ya fi burge ni Caja, wurin duba fayiloli, ka danna F3 taga ta rabu biyu, filashin kwastoma a gefe guda, foldar shago a ɗayan, ka ja ka sauke shi ke nan. GNOME sun cire wannan daga nasu tun 2012, har yau ban gane mi ya kai su ba.

MATE ɗin ma yana da nashi aibin. Kallo ɗaya za ka san tsohon yayi ne, yaran shago har tsiya suke min wai na maida su zamanin da, kuma a laftof mai ƙaramin allo mai kaifi rubutu ko ya yi ƙanana ko ya yi manya, ba tsaka-tsaki, sannan batun Wayland, sabon tsarin Linux na nuna abubuwa a allo, har yanzu MATE yana baya.

Laftof ɗina mai RAM 8GB na bar mishi GNOME don ni kaɗai ke riƙe shi kuma yatsuna sun saba. Na shago duka MATE. Wanda injinshi ya fi nawa tsufa ma ya gwada Xfce tukuna daga filashi kafin ya goge komi.