Keken Hanyar Burji da Fadama a Sakkwato: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama a Sakkwato suka waiwayi keke. Wasu don zuwa aiki ko gona, wasu kuma don motsa jiki da safe. Ni na daɗe ina hawa, kuma abin da na fi so shi ne in bar kwalta in kama hanyar burji, in bi ta ƙarƙashin dogon yaro da gawo, in gangara fadamar gulbin Rima inda ake noman albasa da shinkafa. Shi ya sa 'yan uwa da abokai suke yawan tambayata irin keken da za su saya. Amsata ba ta canjawa: kafin ka dubi fenti ko yawan giya, dubi taya, sannan ka tambayi kanka wa zai gyara maka shi in ya lalace a ƙauye.

Ƙasarmu ba irin ta masu ƙera kekunan nan ba ce. A Turai da Amurka, hanyar da suke kira ta tsakuwa galibi a daddaɓe take, tana ratsa kurmi mai inuwa. Mu kuwa a tafiya guda za ka taka ƙasa iri huɗu. Ka fita ta wajen Dundaye, bayan Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka gani: ga burji mai tauri da motoci suka yi wa ƙunya-ƙunya, ga yashi mai cin taya, ga laka a fadama wadda in ta bushe sawun shanu yake mayar da ita kamar dutse, ga kuma 'yar siririyar hanyar ƙafa tsakanin gonakin gero. A kan wannan duka sai ka ƙara ƙaya. Aduwa, bagaruwa, magarya, da tsidau da yake kwance a ƙasa ba ka ganinsa sai ka ji taya ta yi laushi. Duk keken da bai shirya wa yashi da ƙaya ba, to ba na nan ba ne, komai tsadarsa.

Bari in fara da wanda kowa ya sani, keken iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix da Hero. Ƙarfe ne zalla, giya ɗaya, birkin sanda, taya mai inci 28, ga kariya a baya da za ta ɗauki buhu ko jarkoki. Raleigh har masana'anta ta yi a Kano, shi ya sa sunan ya zauna a bakin mutane. Darajarsa ita ce babu garin da za ka shiga ka rasa mai gyaransa. In firam ya tsage, mai walda zai ɗinke shi. In sarƙa ta tsinke, akwai irinta a kasuwar ƙauye. Amma nauyinsa yana kai wa kilo 20, kuma da yake giyarsa ɗaya ce, yashi na kama shi sai dai ka sauka ka tura. Birkin sandan ma ba ya riƙewa sosai in rim ya jiƙe ko ya ɗan lanƙwasa. Mai zuwa gona da kaya, wannan ne nasa, ba na jayayya. Mai son yin doguwar tafiya a burji don nishaɗi kuwa, gwiwarsa za ta gaya masa.

Keken tsere mai siririyar taya ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Faɗin tayarsa milimita 23 zuwa 28 ne. A titin Birnin Kebbi ko na Gusau yana gudu kamar iska, amma da ka sauka daga kwalta ya nutse. Ka bar shi in dai ba titi kaɗai za ka bi ba.

Sai wanda yanzu ake yayi a duniya, keken da aka ƙera musamman don hanyar tsakuwa. In ka hango shi za ka ɗauka na tsere ne, domin kansa lanƙwasasshe ne zuwa ƙasa, amma tayarsa ta fi kauri, yawanci milimita 38 zuwa 45, kuma birkinsa na faifai ne. Ba shi da nauyi, kilo 10 ko kusa da haka. Har kamfanin Shimano ya fitar masa da kayan giya na kansa mai suna GRX a 2019. Na hau irinsa, kuma gaskiya a burji mai tauri babu kamarsa. In tafiyarka rabi kwalta ce rabi burji, misali ka bi titin Bodinga ka ratse zuwa Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya dawo Sakkwato, wannan keken zai kai ka ya dawo da kai da sauran ƙarfi a jikinka. Lanƙwasasshen kan nan kuma yana ba ka wurin sauya riƙo, hannu ba ya mutuwa, sannan in iskar hunturu ta tare ka gaba sai ka sunkuya ka yanka ta.

To amma fa akwai magana. Taya mai milimita 40 ba ta isa yashinmu mai zurfi ba. Kuma kayan gyaransa su ne matsalar. Da yawansu giya 11 ko 12 suke da ita a baya, sarƙarsu siririya ce, ba kowane shago za ka same ta ba, sai ka aika Kano ko Abuja ko Legas. Hannun birki da na giya a haɗe suke wuri ɗaya, in ya karye ba gyara sai sauyi, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. In birkin mai aiki da mai ne, ranar da ya sha iska ba kowane bakanike zai taɓa maka shi ba. Wani dattijo da nake kai wa gyara ya taɓa juya irin wannan keke, ya duba gaba ya duba baya, sannan ya ce mini: “Malam, wanga keke na da kyau, amma in ya ɓaci maka a daji, sai dai ka ɗora shi bisa amalanke.” Na ce, “Baba, gaskiyarka.” Saboda haka ba na hana kowa sayensa, sai dai ina cewa na mai hali ne wanda zai ajiye sarƙa da tif da takalmin birki a gida tun kafin buƙata ta taso.

Wanda nake ba mafi yawan mutane shawara a kai shi ne keken hawan dutse, na hannu, irin wanda ake kira ɗan Beljiyam. Kansa miƙaƙƙe ne, tayarsa inci 2 ko fiye a faɗi, wato milimita 50 zuwa sama. Wannan faɗin shi ne sirrin. Taya mai faɗi tana hawa kan yashi maimakon ta yanka shi, musamman in ka rage mata iska kaɗan kafin ka shiga. Giyarsa mai laushi tana ba ka damar ci gaba da juya feda a inda mai Raleigh ya riga ya sauka. A kan laka busasshiya mai sawun shanu ma shi ya fi sauƙin sarrafawa. Abin da za ka rasa shi ne gudu a kwalta, domin tayar tana ja, tana kuma ƙugi. Ni na yarda da wannan cinikin.

Sai dai su ma ba ɗaya suke ba, kuma a nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Akwai sababbi masu ƙyalƙyali, da shokozoba gaba da baya, da rubutu manya-manya a jiki, farashinsu kuma da sauƙi. Ina roƙonka ka kauce musu. Shokozobar bayan nan nauyi kawai take ƙarawa, tana shanye ƙarfin da kake tura feda da shi, kuma cikin 'yan watanni ƙura za ta cinye mahaɗarta keken ya fara rawa. Tsohon keke mai suna, irin su Trek ko Giant ko Specialized, wanda ba shi da shokozoba a baya, ya fi su nesa ba kusa ba. Ta gaban ma in ta mutu gara a ce babu ita. Ka danna ta ka gani: in ta ƙi shiga, ko ta shiga ta dawo da ƙara kamar ƙofa, ka sa wannan cikin ciniki.

Girman wili kuma, akwai inci 26, da 27.5, da 29. Mai 29 ya fi tsallake rami da daɗin tafiya mai nisa. Amma mai 26 ne tayarsa da tif ɗinsa suka fi samuwa a wurinmu, don haka shi nake zaɓa wa wanda zai riƙa nisa da gari. Giya bakwai ko takwas a baya ta wadatar, ba mu da manyan duwatsu, kuma sarƙarsu ta fi kauri da araha. Birkin roba mai matse rim ya ishe ka a ƙasar da ruwan sama bai wuce daga Yuni zuwa Satumba ba. In kana son na faifai, nemi mai waya, ba mai mai ba.

Ga wani abu da zai tsare maka kuɗi, wanda masu sayarwa da yawa ba su lura da shi ba. Kalmar “inci 28” tana nufin girma biyu daban. Tayar Raleigh ta gargajiya rim ɗinta milimita 635 ne. Amma kekunan Turai na hannu da ake rubuta wa 28, ko 700C, nasu 622 ne, daidai da na mai inci 29. Ba sa shiga wa juna. Mai inci 26 na hawan dutse kuma 559 ne. In za ka sayi taya, ka duba gefenta, za ka ga lamba biyu, kamar 40-622 ko 50-559. Ta farko faɗi ce, ta biyu girman rim. Ita ta biyun za ka riƙe. Haka bawul: akwai mai kauri irin na mota da babur, akwai siriri na Faransa. Mai kaurin kowane mai faci a bakin hanya zai ba ka iska. Siririn kuwa sai da ɗan mahaɗi, saboda haka in kekenka irinsa ne, kada ka fita ba tare da shi a aljihu ba.

Maganar ƙaya ita ce ta fi cin raina, domin ita take sa mutum ya jingine keke ya daina hawa. Hanya uku ce. Ko ka sayi taya mai kaurin ciki da aka yi don ƙaya, kamar Schwalbe Marathon Plus, tana da tsada da nauyi amma tana aiki. Ko ka yi dabarar da masu gyaranmu suka daɗe da ita, a yanke bakin tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa ta zama garkuwa ga tif. Ko kuma ka koma taya marar tif, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo da yake toshe huda nan take. Ta ukun ita ta fi maganin tsidau, babu shakka. Sai dai zafinmu, wanda a watannin Maris zuwa Mayu yake haura digiri 40, yana busar da ruwan da wuri, dole ka riƙa ƙarawa, kuma ba kowane rim ne yake karɓarta ba. Mai farawa ya ɗauki ta biyu, ya haɗa da tif guda a jaka, da gam da faci da ƙaramin famfo. Kuma in ka cire tif, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka zaro ƙayar, in ba haka ba sabon tif ɗin ma ba zai kai ka ko'ina ba.

Ranar da za ka je saye, kada ka tafi da magariba, kada kuma ka tafi kai kaɗai in ba ka san keke ba. Ka duba duk inda aka yi walda, musamman ƙarƙashin wuya da gindin sirdi. Firam na ƙarfe in ya tsage yana gyaruwa. Na alminiyum ba kowane mai walda zai iya ba, kuma ko an yi ba ya komawa kamar da. Na kabon kuwa, wato wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba, yana iya ɓoye tsaga a ciki, ni ba na sayensa na hannu. Ka ɗaga keken ka juya kowane wili, ka ga ko yana layi. Ka kama feda ka girgiza ta gefe da gefe, in tana motsi boris ya ci. Ka kwance sandar sirdi ka tabbata tana hawa tana sauka, domin wadda ta yi tsatsa ta manne tana iya sa ka haƙura da keken gaba ɗaya. Sannan ka tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, firam na tsakaninka: in ƙarfen sama yana taɓa ka, ya yi maka girma, komai arharsa ka bar shi. Ka hau ka zaga, ka sa kowace giya. Kuma ka nemi rasit da sunan mai shago, domin keken sata yana yawo a kasuwa.

Kada kuɗinka ya ƙare a kan keken kaɗai. Ka rage na hular kwano, da fitila, da mariƙin gorar ruwa guda biyu. Ka duba ma ko firam ɗin yana da ramukan ɗaura su. A nan ruwa ba ado ba ne. Ni bayan sallar asuba nake fita, kafin hantsi ya ɗaga na juyo, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne na fi yin nisa, duk da ƙurar hunturu. Ƙurar nan ce ma ta sa nake hana zuba wa sarƙa baƙin mai. Yana kama yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙa da haƙoran giya tare. Ɗigo kaɗan na mai mara kauri, sannan ka goge da tsumma.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye ba. Zuciyata tana son hanyar Wurno, inda hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, da ta madatsar ruwan Goronyo, da dazuzzukan wajen Tangaza. Amma halin tsaro a gabashi da arewacin jihar ya sa ba hanyar da mutum zai kama don an ce tana da kyau. Ka tambayi mutanen wurin a ranar da za ka fita, ba labarin makon jiya ba. Ku tafi ku biyu ko uku, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku. Wannan ma yana shiga lissafin saye: in yawancin hawanka zai tsaya ne a kewayen gari, wajen Wamakko da Kalambaina da gefen fadama, ba ka buƙatar keken da aka ƙera don tafiyar yini guda. Mai inci 26 na hannu, da taya mai garkuwa da bawul irin na babur, zai yi maka wannan duka, kuma duk inda ya tsaya maka akwai mai faci a ƙarƙashin wata bishiya da ya san yadda zai yi da shi.