Google Authenticator a asusun sayayyata: abin da na gani bayan na bar saƙon tes

Duk mai yin odar kaya ta intanet ya san wannan jiran. Ka sa imel da lambar sirri, shafin ya ce ya turo maka lambobi shida ta saƙon tes, sai ka zuba wa waya ido. Wani lokaci saƙon ya shigo nan take. Wani lokaci sai wa'adinsa ya wuce, ka nemi a sake turowa, can guda uku su shigo a jere, ka rasa wanne ne mai aiki. Sana'ata sayar da kayan waya ce a Kano, caja da murfi da gilashin fuska, kuma wani kaso na kayan ta intanet nake saro shi. Tun bara na mayar da duk asusun da ya ba da dama zuwa manhajar Google Authenticator: imel ɗina, Amazon, da shafina na Instagram inda nake tallata kaya.

Saita ta bai ɗauke ni lokaci ba. A sashen tsaro na asusun za ka kunna tantancewa mai mataki biyu, shafin ya nuna maka lambar QR, wato wani hoto mai kusurwa huɗu, ka buɗe manhajar ka ɗauke ta da kyamarar wayarka. Abin da ke cikin hoton nan wani mabuɗi ne da shafin da wayarka kaɗai suka sani. Daga ranar, wayar ce da kanta ke haɗa mabuɗin da lokacin agogo ta fitar da lambobi shida, waɗanda ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30. Ba a turo komai daga ko'ina. Shi ya sa ba ruwanta da sabis, ba ruwanta da data, ko ka zare layin gaba ɗaya lambar za ta fito.

Saurin ya yi mini daɗi, amma ba shi ne babban dalilina ba. Damuwata layin waya ne. Idan ta tes ake turo maka lambar tsaro, to shagonka ne mai kwaɗo biyu amma makullin na biyu yana rataye a wurin da ba kai ke iko da shi ba. Mun ga yadda aka yi tun Disambar 2020 da hukumar sadarwa ta NCC ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, har zuwa 2024 da aka rufe layuka masu ɗimbin yawa. Wanda aka rufe wa layi ba kira kaɗai ya rasa ba, duk asusun da ke rataye a layin ya kulle masa. Ga layin da aka daɗe ba a amfani da shi, wanda kamfani ke iya sake sayar wa wani, saƙonninka su koma shiga wayar baƙo. Ga kuma 'yan damfara da ke tattara bayanan mutum su je su yi walkam bak da sunansa: kai kana ganin sabis ne ya ɗauke, alhali layinka na hannun wani yana karɓar lambobinka. Haka ɗan kasuwar da ya tafi Umara ko saro kaya Dubai, in layinsa bai kama a can ba sai ya dawo gida kafin ya iya shiga asusunsa. Manhajar ta raba ni da wannan fargaba duka, kuma kyauta ce.

Sai dai kada wani ya ɗauka ta magance komai. Lambar OTP da banki ke turowa lokacin biyan kuɗi da kati daban take, har yanzu ta tes ko imel take zuwa mini. Kuma wasu shagunan intanet na gida da nake hulɗa da su ba su ma da zaɓin manhaja, tes ne kawai. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a nan ne aka fi buƙatar ta, inda sabis ke rawa kuma satar waya ta zama ruwan dare.

Maganar ɓatan waya ita ce wadda nake so mai karatu ya tsaya a kanta. Tunda lambar a cikin wayar take fitowa, in wayar ta tafi za ta iya tafiya da ita. Shekaru da yawa haka manhajar take, sai a Afrilun 2023 Google ya ƙara damar ajiye mabuɗan a asusunka na Google, yadda in ka sayi sabuwar waya za su dawo. Na kunna wannan, amma da sanin cewa yanzu imel ɗin ne ke ɗauke da komai, dole a tsare shi fiye da kowane asusu. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 na shiga asusunka na Google in wayar ta ɓata, kowace mai alƙaluma takwas, ana amfani da ita sau ɗaya. Na kwafe su da biro na ajiye tare da takardun gida. Ban yarda da ɗaukar hotonsu a bar su a wayar ba, domin ɓarawon da ya samu wayar ya same su ke nan. Ita kanta manhajar na kulle ta da zanen yatsa.

Akwai wani ƙaramin abu: in agogon wayarka ya kauce, lambar ba za ta yi aiki ba. A bar wayar ta riƙa saita lokaci da kanta, shi ke nan.

Abin da manhaja ba za ta iya hanawa ba shi ne mutum ya karanta wa wani lambar da bakinsa. Mun sha jin masu kira su ce, "Ranka ya daɗe, daga kamfani muke, kayanka sun iso amma sai ka karanto mana lambar da ta shigo maka." Ko su ce za su saka ka a taron wata ƙungiya ta WhatsApp, amma sai ka karanto musu lambar. Daƙiƙa 30 ta ishe su shiga. Ba wani shago ko banki da ma'aikacinsa zai nemi wannan lamba, kuma haka na gaya wa yaran shagona tun ranar da suka fara taɓa wayar kasuwanci.

Ga wanda ke ajiye katinsa a shafin sayayya, ko wanda kasuwarsa ke kan Instagram da Facebook, ina ba da shawarar manhajar ba tare da wata tantama ba. A fara da imel, tunda ta nan ake canza lambar sirrin sauran. Wanda bai son ta Google, Microsoft Authenticator ma tana karanta irin wannan lambar QR ɗin.