FLIR E4 da aka buɗe ko sabuwar kyamarar zafi mai ɗigo 256×192: wanne ya fi wa mai aikin sola?

Injiniya, na ga tambayarka tun da asuba, na bari sai na natsu in amsa. Ka ce an yi maka tallar kyamarar zafi FLIR E4 ta hannu, mai sayarwa ya ce ana shiga saitinta a buɗe ta ta koma E8, kai kuma aikinka sola da inbata ne, wani lokaci har ka taɓa gyaran waya. Kana son sanin ko maganar gaskiya ce, kuma ko ta fi ka tara kuɗi ka sayi sabuwa irin masu ɗigo 256×192 da suka cika kasuwa yanzu.

Maganar gaskiya ce. A 2013 kamfanin FLIR na Amurka ya fitar da kyamarori huɗu masu jiki iri ɗaya: E4 mai ɗigo (wato pixel, ƙananan ƙwayoyin da ke haɗa hoto) 80×60, E5 mai 120×90, E6 mai 160×120, sai E8 mai 320×240. A lokacin E4 tana kusan dala 1,000, E8 kuma ta ninka ta sau da yawa. A wannan shekarar wani injiniyan lantarki ɗan Ingila, Mike Harrison, ya kwance E4 gunduwa-gunduwa, sai aka gano idon da ke ɗaukar zafi a cikinta mai 320×240 ne, irin na E8 sak. Wani fayil na saiti ne a cikin manhajarta yake umartar ta ta rage hoton. Wato kayan suna ɗaki, ƙofa ce aka ja. Da aka gyara fayil ɗin, ɗigo ya tashi daga 4,800 zuwa 76,800, ninki goma sha shida ke nan.

Abin da wannan ke nufi a wurin aiki shi ne abin lura. E4 tana kallon faɗin digiri 45, ta raba shi gida 80. Idan ka tsaya mita ɗaya daga allon wuta, kowane ɗigo yana rufe kimanin santimita ɗaya. Bayan an buɗe ta, ɗigo ɗaya bai kai milimita 3 ba. Kuma kyamara matsakaicin zafin duk abin da ya faɗa cikin ɗigo take ba ka, shi ya sa masu koyar da wannan aiki ke cewa abin da za ka auna ya cika aƙalla ɗigo uku a tsaye, uku a kwance, kafin ka yarda da lambar. Na ga wannan da idona a ɗakin batir na wani gida. Noti ɗaya ne ya saki a kan batir na uku a jere. Da E4 da ba a taɓa ba, abin da ya fito wani jan tabo ne dishi-dishi da ya haɗe notin, kan batirin da bakin kebul, lambar da ta nuna kuma ba ta tayar da hankali ba, domin sanyin gefe ya gauraya da zafin. Abokin aikina ya ɗauko tasa da aka buɗe, daga wuri ɗaya muka tsaya, sai ga notin ya fito fari tas, zafin yana bin kebul ɗin yana raguwa kamar tsawon yatsa. Da sifana muka gama aikin. A kan rufi ma haka ne: gida ɗaya (wato sel) na farantin sola kusan santimita 16 ne, daga nisan mita 5 ɗigo uku kacal zai samu a faɗi a E4, amma a wadda aka buɗe zai samu wajen goma sha biyu. Gidan da kashin tsuntsu ko ƙurar hunturu ta toshe har ya fara gasuwa, a nan ne za ka gan shi ɗaya tilo.

To amma buɗewar ba danna maɓalli ba ce a cikin menu, kuma a nan masu talla suke taƙaita labari. Sai an haɗa kyamarar da kwamfuta ta USB, an sa ta a wani yanayi da kwamfuta ke ɗaukarta kamar na'urar sadarwa, an shiga fayilolinta (Windows CE ne a ciki), an canza na saitin, sannan a sake lissafa wata lambar tantancewa da aka ɗaure da lambar jikin wannan kyamarar kaɗai. Fayil ɗin kyamarar wani ba zai yi a taka ba. Na farko-farko masu manhaja 1.19 su ne masu sauƙi. Daga baya kamfanin ya riƙa ƙara kulle, zuwa 2.3.0 da na bayanta fayilolin a ɓoye suke, kowane zubi da hanyarsa. Wanda ya bi hanyar da ba ta manhajarsa ba, ko ya goge fayil bai ajiye kwafi ba, zai iya wayar gari kyamara ta tsaya a tambari ta ƙi wucewa. Kai da ke yi wa waya falashin ka san wannan ciwon. Bambancin shi ne waya kana iya kai ta Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, a tashe ta, wannan kuwa da wuya ka samu mai kayan aikinta kusa. Garanti kuma ka cire shi daga lissafi da zarar an taɓa ciki.

Akwai kuma abubuwan da buɗewa ba ta canzawa ko kaɗan. Hoton yana nan sau 9 a daƙiƙa, saboda dokar Amurka kan fitar da irin waɗannan na'urori, don haka idan kana yawo da ita a kan layin faranti za ka ga hoto yana tsalle. Iyakar zafinta yana nan daga digiri 20 ƙasa da sifili zuwa 250. Kuskuren awo yana nan wajen digiri 2 sama ko ƙasa. Tabaraunta ba a juya shi, sai ka ja baya kamar rabin mita kafin hoto ya zauna. Kuma jan ƙarfe mai sheƙi zai ci gaba da yi maka ƙarya ko da ɗigo miliyan ne, domin zafin jikinka da na ɗaki yake maido maka. Liƙa masa baƙin tef na wuta, ka bari ya ɗauki zafin, ka auna a kan tef ɗin.

Yanzu ga sabuwar. Irin su InfiRay P2 Pro da Topdon TC001 da ake soka wa a gindin waya, ko masu hannu irin UNI-T UTi260B, duk 256×192 ne, ɗigo 49,152. Sun gaza E4 da aka buɗe, amma sun ninka wadda ba a buɗe ba sau goma, kuma haka suka fito daga kwali. Biyun farko suna ba da hoto sau 25 a daƙiƙa, suna auna har digiri 550, kuɗinsu a waje 'yan ɗaruruwan daloli ne. Faɗin kallonsu ya kai digiri 56, don haka ɗigo ɗaya kusan milimita 4 ne a mita ɗaya. Daga nesa E4 da aka buɗe ta fi su, wannan ba musu. A teburin gyaran waya kuwa labari ya juya. P2 Pro tana da ƙaramin tabarau na kusa da ake manna mata da maganaɗisu, da shi za ka ga kafasita guda ɗaya da ta yi shot tana haske a kan bod. Ita E4 sai ka nemo tabarau na zinc selenide, irin na injin yanka da leza, ka ƙera masa mazauni, domin gilashi na yau da kullum ba ya barin wannan hasken zafin ya wuce.

Inda E4 ta yi zarra shi ne jiki. An gina ta ta jure faɗuwa daga mita 2, tana da batirinta da allonta, ka riƙe da hannu ɗaya kana kan tsani. Tana kuma da MSX, wato kyamarar hoto ta biyu da ke zana gefunan abubuwa a kan hoton zafin, har rubutun jikin bireka za ka karanta. Ta waya kuwa ƙarama ce kamar ɗan yatsa, tana shan cajin wayarka, kira ya shigo aiki ya tsaya, kuma a rana tsaka a kan kwano wayar ma sai ta yi zafi ta rage haske.

Wani abu da nake so ka kiyaye, don yana ba ni haushi yadda ake cin kuɗin mutane da shi. Za ka ga an rubuta wa kyamara 512×384 alhali idonta 256×192 ne. Manhaja ce ke cike tsakanin ɗigo da ƙiyasi, ko ta haɗa hotuna da yawa ta fitar da ɗaya. Hoto yana yin laushi da kyau, amma idon bai ƙaru ba. Wannan daban yake da na E4, inda ɗigon na gaske ne aka ɓoye. Ka tambayi lambar idon zafin kanta, ba ta hoton da ake ajiyewa ba.

Ni da ni ne kai, tunda kana haɗa sola da gyaran waya, sabuwa zan saya, mai hannu idan aikin rufi ya fi yawa, ta waya idan tebur ya fi yawa. E4 zan karɓa ne kawai idan an riga an buɗe ta, tana aiki a gabana, kuma kuɗinta bai wuce na sabuwar ba. Kar ka biya kuɗin E8 a kan alkawarin za a buɗe daga baya. Idan ka je gani, shiga saiti ka duba bayanin kyamara: samfuri, lambar jiki da lambar manhaja, ka gwada da abin da ke rubuce a jikinta, domin akwai masu sayar da E4 da aka buɗe da sunan E8. Sannan ka ɗora tafin hannunka a bango na daƙiƙa biyar, ka ɗauke, ka ja baya mita biyu. Idan an buɗe ta da gaske, yatsu biyar za su fito a rarrabe da gefuna masu kaifi. Ka kashe MSX kafin wannan gwajin. Daga nan ka kalli bango mai zafi ɗaya ka ga ko akwai ɗigon da ya maƙale ko layi da ya ratsa, ka bar ta a kunne minti ashirin ka ga yadda batirin ke sauka. Turo mana hoton shafin bayanin nan kafin ka ba da ko sisi.